Kwana Shida a Leòdhas, Tsibirin da Kowane Dutse Yake da Suna

Taswira ce ta tayar da ni. Ina karatun safiyo a Gilasgo, wata rana a ɗakin karatu na baje takardar da ta ƙunshi arewacin tsibirin Lewis, wato Leòdhas, can arewa maso yammacin ƙasar Sikotland. Tsakiyar tsibirin kusan fayau take, sai tafkuna da fadama. Amma gaɓar teku kamar an watsa gero: kowane lungu da sunansa, kowane dutse da ya leƙo daga ruwa da sunansa, kuma ko ɗaya ban iya furtawa ba. Na ce a raina, mutanen da suka zauna suka raɗa wa duwatsu suna haka sun cancanci a je a gan su. Da aka ba mu hutu a ƙarshen Yunin 2024 na ɗaure jakata.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga bas a tashar Buchanan. Kusan awa huɗu zuwa Inverness, muka sauya mota, sai awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Ullapool inda ake hawa jirgin ruwa. Duk tsawon hanyar babu shinge ko ɗaya, babu wanda ya ce direba ya faka a buɗe but. Wanda ya saba da hanyoyinmu sai ya riƙa ɗaga kai yana jiran inda za a tsayar da mu, har aka isa ba a tsayar ba. Abin da ya riƙa tsayar da idona shi ne allunan kan hanya. Tun daga ƙasar tuddai suka koma harshe biyu, Galik, harshen gargajiya na mutanen yankin, a sama, Turanci a ƙasa. A nan na fara gane cewa sunan Turancin sau da yawa kwaikwayon sauti ne kawai, ba ya cewa komai. Inverness ba ta da ma'ana a Turanci, amma Inbhir Nis tana nufin bakin kogin Nis, wato inda kogin yake zuba a teku. Nan take Sakkwato da ta koma Sokoto a bakin Bature ta faɗo mini, da Haɗeja, da Kwantagora.

Kuɗin jirgi ga mai tafiya a ƙafa a lokacin bai kai fam 12 ba. Jirgin ƙato ne, yana haɗiye motoci da tireloli, mutane kuma su hau bene. Tekun da ke tsakani ana ce masa Minch, awa biyu da rabi ake ketare shi. Ni ɗan tudu ne, babban ruwan da na sani shi ne Tiga. Muna cikin lungun duwatsu lafiya lau nake, har da shan shayi. Da muka fita fili jirgin ya fara tashi yana sauka, sai cikina ya juya, gumi mai sanyi ya karyo mini, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Wata dattijuwa da ke saƙa a kujerar da ke kallona ta ajiye zarenta ta ce, "A ghràidh, tashi ka fita waje, ka kafa idonka a inda sama ta haɗu da ruwa, kada ka kalli ƙasa." Daga baya na ji cewa wannan kalmar kamar a ce "ɗan nan" ce ko "abin ƙaunata", haka tsofaffinsu suke kiran yaro. Na fita na riƙe ƙarfe, iska tana marina, ina ta salati. Shawararta ta yi aiki. A tsaye a wajen na ga tsibirin ya fito daga hazo, doguwar ƙasa mai launin toka, babu itace.

Mun sauka Stornoway wajen ƙarfe takwas na dare, rana tana nan sama kamar la'asar sakaliya. Ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe goma, kuma kafin huɗu da rabi ta sake fitowa. Tsakanin nan ma duhu ba ya kamawa sosai, jan shafaƙi yana nan a arewa har gari ya waye. Na sami gado a wani masaukin matafiya, mu shida a ɗaki, fam 30 kowane dare.

Da safe a wani ɗan gidan abinci aka kawo wa na kusa da ni faranti da wani baƙin abu zagayayye kamar waina. Shi ne marag dhubh, abin alfaharin garin, ana yin sa da jini da kitse da garin hatsi. Na nemi kunun hatsinsu mai kauri da ƙwai da burodi, kuma duk kwanakin da na yi kifi ne ya riƙe ni. A soye, a gashe, a banɗare da hayaƙi, ban gaji da shi ba.

Sunan garin a allo Steòrnabhagh ne. Harshen Galik haruffa 18 kawai gare shi, shi ya sa suke haɗa biyu su ba da sauti ɗaya, har mai karatu ya ga suna ya yi tsawo alhali a baki gajere ne. Tsibirin kansa Leòdhas suke ce masa. A tsallaken tashar jiragen ruwa akwai wani katafaren gidan dutse wanda Sir James Matheson ya gina. Mutumin nan ya tara dukiya da cinikin ofiyom a ƙasar Sin, ya zo ya sayi tsibirin ɗungurungum a 1844, da ƙasa da ƙauyuka da duk abin da ke kai. Yanzu an yi gidan tarihi a jikin ginin. A ciki na ga shida daga cikin 'ya'yan darar Turawa da aka tono a rairayin Ùig a 1831, an sassaƙa su da hauren wata dabbar teku wajen shekara 800 da suka wuce. Sarauniyar ta yi tagumi, hannu a kunci, kamar uwar da ke jiran labari. Mafi yawan 'yan'uwansu suna Landan.

Na yi Juma'a a masallacin garin, ɗan ƙaramin gini da aka gyara aka buɗe a 2018, shi ne na farko a tsibirin da duk tsibiran da ke jere da shi. Sahu bai da yawa: iyalan 'yan asalin Pakistan da suka daɗe a nan, 'yan Siriya da yaƙi ya koro, da baƙi irina. Na tambayi wani bawan Allah yadda suke yi da Isha'i da Asuba a wannan lokaci na shekara, ya nuna mini jadawalin da ke manne a bango, na ɗauka a waya, hankalina ya kwanta.

Bayan la'asar na taka zuwa Tolm, tafiyar kamar awa ɗaya daga gari. Akwai wasu duwatsu a ruwa daf da gaɓa waɗanda ake kira Biastan Thuilm, wato dodannin Tolm. Sunan yana nan tun kafin abin da zan faɗa ya faru. A daren 1 ga Janairun 1919, wajen ƙarfe biyu, jirgin Iolaire ya taho da sojojin ruwa 'yan tsibirin da suka tsira daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya hau waɗannan duwatsu ya nutse. Cikin mutum kusan 280, sama da 200 suka rasu, suna hango fitilun garinsu, iyayensu mata sun yi girki suna jira. Wani mutumin Nis da ke ƙarshen arewacin tsibirin, John Finlay Macleod, ya yi iyo da igiya har gaɓa, kimanin mutum 40 suka tsira ta kanta. Tsibirin ya riga ya rasa kimanin mutum 1,000 a yaƙin. Na tsaya kusa da dutsen tunawa na kalli tazarar. Wallahi mai ƙarfin hannu zai iya jefa dutse ya kai wurin. Na daɗe ban iya tafiya ba.

Ranar Asabar na bi bas mai zagaya yammacin tsibirin. Da fita gari sai fili baƙi ƙirin mai jiƙaƙƙiyar ƙasa, an yayyanka shi layi-layi. Wannan ƙasa ita ce itacen girkinsu tun kaka da kakanni. Sunanta mòine, ruɓaɓɓen ciyayi ne na dubban shekaru. Ana yanka ta kamar tubali da bazara, a shanya, a jera a bayan gida kamar yadda muke jera kara. Wata tsohuwar malamar makaranta ta zauna kusa da ni, ta ga ina kwafar sunaye daga alluna, ta ce in ba ta littafin. Ta ja layi a ƙarƙashin ƙarshen kowane suna. Siabost, Liurbost, Tàbost: wannan "bost" gona ce. Càrlabhagh da Steòrnabhagh: "bhagh" lungun teku ne inda jirgi ke fakewa. Nis da Calanais: "nis" hancin ƙasa ne da ya shiga ruwa. Sannan ta ce, duk waɗannan ba Galik ba ne. Harshen mutanen Norwe na da ne, waɗanda ake kira Viking, bakin Galik ne ya tauna su ya mayar da su haka.

Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, domin na zo ne da zaton zan ji Galik tsantsa. Ashe tsibiran sun yi ɗaruruwan shekaru a hannun Norwe, sai a 1266 aka miƙa su ga Sikotland da yarjejeniyar Perth. Har wani tsohon sunansu a Galik, Innse Gall, yana nufin tsibiran baƙi. Wani masanin harshe ɗan Norwe ya ƙidaya sunayen ƙauyukan Leòdhas 126, ya sami 99 daga harshen kakanninsa suka fito. Malamar ta nuna mini Loch Langabhat a taswirata. "Langabhat" dogon tafki ne a harshen Norwe. Da masu Galik suka daina jin ma'anarsa sai suka ƙara masa "loch" a gaba, wato tafki, ya zama tafkin dogon tafki. Harshen Norwe ya mutu a tsibirin tun tuni, masu shi sun narke cikin jama'a, amma kullum direban bas yana kiran kalmominsu a kowace tasha.

A Calanais na sauka cikin yayyafi. Duwatsun suna kan tudu, tun daga nesa ake hango su kamar mutane sun taru a jana'iza. Goma sha uku sun yi da'ira, wani dogo mai kusan mita 5 yana tsakiya, sauran sun yi layuka zuwa kusurwa huɗu. An kafa su kusan shekara 5,000 da suka wuce. Da na matsa kusa na ga jikin dutsen yana da zane-zane kamar tsakiyar itace, fari da toka da ɗan ja, yana ƙyalli inda ruwa ya jiƙa shi. Irin dutsen nan yana cikin mafi tsufa a Turai, shekarunsa sun kai miliyan dubu uku. Ƙasar mòine ta taɓa binne gindinsu har kimanin mita ɗaya da rabi, sai a 1857 aka kwashe ta. Mutanen da suka kafa su ba su bar ko kalma ɗaya ta harshensu ba. Sunan da tsofaffi suke kiransu na waɗanda suka zo daga baya ne: Fir Bhrèige, mutanen ƙarya, wai ƙatti ne aka mayar duwatsu. Can kudu akwai jerin tsaunuka da suka yi siffar mace a kwance rigingine, ana ce mata Cailleach na Mòintich, tsohuwar fadama. Duk bayan shekara 18 da 'yan watanni wata yakan yi ƙasa-ƙasa sosai, in ka tsaya a duwatsun sai ka ga kamar daga jikin tsohuwar ya fito yana rarrafe.

Iska ta kwanta, sai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo suka taso gungu-gungu. Ba su kai ƙwayar gero ba, amma sauron damina bai kama ƙafarsu ba wajen naci. Kunne, fatar ido, cikin gashi, ko'ina suna shiga. Su suka kore ni daga wurin.

Na tsaya a Dùn Chàrlabhaigh, wata hasumiya zagayayya ta shekara kusan 2,000, an jera duwatsunta ba laka ba siminti, bango biyu da matakala a tsakaninsu, ɓangare ɗaya har yanzu ya kai mita 9. Amma abin da ya fi shiga raina a ranar shi ne gidan da ke Arnol, irin wanda suke kira taigh-dubh, baƙin gida. Bangon dutse mai kauri, gajere, rufin ciyawa an ɗaure shi da igiya an rataya duwatsu don kada iska ta yaye. Sai ka sunkuya ka shiga. Wuta tana tsakiyar ɗaki a ƙasa, babu bututun hayaƙi, tukunya tana rataye da sarƙa. Gefe ɗaya na mutane, gefe ɗaya na shanu, rufi guda. Hayaƙin ya cika mini ido, kuma ƙamshinsa ya kai ni ɗakin kakata da sanyin hunturu, lokacin da ake kwana da garwashi. Sai a 1966 mutanen gidan suka tashi daga cikinsa. Rigata ta riƙe ƙamshin har na koma Gilasgo.

Lahadi tsibirin ya yi tsit. Babu bas, kantuna a rufe, titin da jiya yake cike ko kare babu. An gargaɗe ni tun Juma'a, na sayi burodi da madara da kifin gwangwani. Mutanen nan suna riƙe da ranar ibadarsu da gaske. Jirgin ruwa ma sai a 2009 ya fara zirga-zirgar Lahadi daga Stornoway, kuma sai da aka sha muhawara. Ina wucewa ta gefen wata majami'a da ake ibada da Galik na ji waƙar Zabura. Babu kiɗa ko kaɗan. Mutum ɗaya yana ja, jama'a su amsa, kowa yana jan muryarsa yadda numfashinsa ya ba shi, sautin ya riƙa tashi yana kwanciya kamar igiyar ruwa. Na tsaya a bakin katanga har suka kai aya.

Litinin ita ce ranar da na zo dominta, ko da yake ban san haka ba sai da ta wuce. Na nufi Nis, ƙarshen arewa. A hanya na sauka na ga Clach an Truiseil, dutse ɗaya tilo a tsaye tsakanin gidaje, kusan mita 6, babu wanda ya fi shi tsawo a duk Sikotland. Daga nan na kama wata bas zuwa Eòropaidh na taka har Rubha Robhanais, inda ƙasa ta ƙare. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta jan bulo, an gina ta a 1862, tun 1998 babu mai gadi a cikinta, na'ura ke kunna ta. Ƙarƙashinta gaɓa ce mai zurfi, ruwa yana dukan dutse yana tashi fari, tsuntsaye suna ta kuka. Iskar wurin sai da na durƙusa.

Na shagala da bin gaɓa har bas ta ƙarshe ta wuce. Ina tsaye a bakin hanya ina lissafin abin yi, sai ga wani dattijo da karensa yana duba tumaki. Na gaishe shi da ɗan abin da na koya, na ce "Ciamar a tha sibh?" Suna da "thu" na tsara da "sibh" na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Fuskarsa ta washe. Ya ce, "A bhalaich, wa ya koya maka?" wato "yaro". Ya tambayi garinmu, na ce Kano a Najeriya. Ya ce a nan in an ga baƙon yaro ba a fara tambayar sunansa, ana cewa "Cò leis thu?", kai na wane ne. Na ce Baba, mu ma haka muke, ɗan gidan wa. Ya ce a Nis masu suna iri ɗaya sun yi yawa, har littafin lambobin wayarsu da laƙabi ake neman mutum a ciki.

Na nuna masa taswirar, na ce ita ta kawo ni. Ya sa tabarau ya duba ta a hankali, ya miƙo mini, ya ce in biyo shi. Muka bi gaɓa kamar tafiyar rabin awa. Duk taku kaɗan sai ya tsaya ya nuna da sanda. Wannan tsagar ita ce lungun tantabaru. Wancan shimfiɗaɗɗen dutse wurin zaman masu fatsa ne, kuma yana ɗauke da sunan gidan da suka saba zama a kai. Wancan da ke leƙowa sai ruwa ya janye ake ganinsa, sunansa gargaɗi ne ga mai kwalekwale. Nan tunkiya ta taɓa faɗawa, nan igiyar ruwa ta taɓa kawo katako, nan mata suke wanke ulu. Kalmomi biyu suka fi yawa a bakinsa, "geodha" tsagar gaɓa da "sgeir" dutsen cikin ruwa, kuma su ma daga Norwe aka aro su. Ina rubutawa da bokon Hausa yadda kunnena ya ji, yana maimaita mini har sau uku, ba ya ƙosawa.

Na tambaye shi ko jikokinsa sun san waɗannan. Ya yi shiru yana kallon ruwa. Ya ce suna jin Galik, a makaranta ma da shi ake koya musu, abin da shi bai samu ba. A zamaninsa ranar da ya shiga aji bai san kalmar Turanci ko ɗaya ba, kuma da Turanci aka karɓe shi, alhali malamin da Galik yake magana a gidansa. Amma sunayen duwatsu ba a aji ake koyonsu ba. Wanda yake zuwa fatsa shi yake buƙatar sunan dutsen, don ya gaya wa uwarsa inda za a same shi in dare ya yi. Yanzu yara ba sa fatsa a nan, masu jirgi kuma na'ura ce take nuna musu hanya. Ya ce in aiki ya tafi, sunan ba ya daɗewa a bayansa.

Maganar ta zauna mini. Na tuna yadda ake rubuta sunanmu a firamare in mun yi Hausa a aji, a ce mun yi banakula. Na kuma tuna Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo da Tsamiyar Boka da Kuka Bulukiya a Kano, sunayen da kowa ke faɗa wa ɗan adaidaita kullum ba tare da ya tuna rijiya ko bishiya ba. Waɗannan sun tsira ne don sun zama unguwanni, kamar yadda Siabost ta tsira don ta zama tashar bas. Waɗanda nake jin tsoronsu su ne na ƙauyenmu: sunan kowace gona, kowane kududdufi, kowace burtali, waɗanda baffana yake kira in yana ba da labarin iyaka. Ni da nake karatun auna ƙasa ban taɓa rubuta ko ɗaya ba.

Ƙidayar 2011 ta nuna kashi 52 cikin ɗari na mutanen waɗannan tsibirai suna magana da Galik. A ta 2022 sun koma kashi 45, duk da dokar kare harshen ta 2005, da tashar talabijin, da alluna a kowace mararraba. Mutanen Nis ba su zauna ba: tun 1977 suka kafa ƙungiyar tarihin yankinsu, Comunn Eachdraidh Nis, suna tattara hotuna da zuriya da muryoyin tsofaffi. Dattijon ya nuna mini arewa, ya ce can bayan mil 40 akwai wani dutse, Sùla Sgeir, inda mazan Nis goma suka saba zuwa a watan Agusta su yi mako biyu suna kamun 'ya'yan wani babban tsuntsun teku, guga, wanda doka ta yarje musu su kaɗai. Ya ce su waɗannan sun san sunan kowane taku na dutsen, don har yanzu akwai abin da yake kai su.

Shi ya kai ni Stornoway a tsohuwar motarsa, tafiyar kusan minti arba'in da biyar, karen yana baya. Na ciro kuɗin mai, ya ture hannuna ya ɓata rai. Na ce "Tapadh leibh", na gode muku. Na rasa abin ƙarawa.

Talata na gangara kudu zuwa Na Hearadh, wadda Turawa ke kira Harris. Ƙasa ɗaya ce da Leòdhas, tsaunuka ne suka raba su har ake lissafa su kamar tsibiri biyu. Bas ta hau ta gefen An Cliseam, mita 799, mafi tsawo a tsibiran, ta gangaro An Tairbeart. Sunan yana nufin siririyar ƙasa tsakanin ruwa biyu inda ake jan kwalekwale a ketare, kuma in ka tsaya a garin ka ga teku hagu da dama. Ta yamma hanya ta bi rairayin Losgaintir, fari fat, ruwa shuɗi da kore, ciyawa cike da furanni. Wuri mai kyau haka, ƙasa mai albarka, amma gidaje jefi-jefi. Matar da na kwana a gidanta a daren, fam 75 har da karin kumallo, ita ta ba ni dalili. A ƙarni na 19 masu ƙasa sun kori talakawa daga wannan gefe don a kiwata tumaki, aka tura su gabas inda babu komai sai dutse. Can suka riƙa tara ƙasa da ciyawar teku suna yin kunya a kan fa don su shuka dankali. Ko kabari ba ya haƙuwa. In an yi rasuwa sai a ɗauki gawa a kafaɗa a ketare tsauni a kai ta maƙabartar kakanni a yamma, kuma hanyar tana nan har yau ana binta a ƙafa. A bayan gidan matar akwai ɗan ɗaki inda ake saƙa, na ji ƙarar masaƙa tun kafin in ga mai ita. Dokar 1993 ta ce ba a kiran yadi Harris Tweed sai ɗan tsibiri ya saƙa shi da ƙarfin jikinsa a gidansa.

A ƙarshen kudu akwai wani gari mai suna biyu a allo, kuma wannan karon ba kwaikwayon sauti ba ne: An t-Òb a sama, Leverburgh a ƙasa. Na farkon ɗan lungun ruwa yake nufi. Na biyun sunan mutum ne, Lord Leverhulme mai sabulun Sunlight, wanda ya sayi Leòdhas a 1918 da Na Hearadh a 1919, ya ƙudurta mayar da wannan ƙauye babbar tashar kifi, aka sa masa sunansa. Ya mutu a 1925, aikin ya tsaya cak. Na tsaya a gaban allon ina jin wani abu, domin mutumin nan ba baƙo ba ne a tarihinmu. A 1920 kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja, wanda a 1929 ya shiga cikin abin da ya zama UAC, masu sayen gyaɗar da kakanninmu suka noma ana loda ta a jirgin ƙasa daga Kano. Aljihu ɗaya ne ya sayi gumin manomin gyaɗa ya kuma sayi ƙasar masuntan nan. Na lura matar da na kwana a gidanta An t-Òb take cewa, ko da Turanci take magana.

Daga nan na taka zuwa Ròghadal na ga majami'ar dutse ta wajen 1520, da kabarin shugaban zuriyar MacLeod, Alasdair Crotach, wanda ya sa aka sassaƙa masa shi a 1528 tun yana da rai. A jikin bangon kabarin akwai hoton jirgin ruwa mai filafilai, irin ƙirar da aka gada daga mutanen Norwe.

Laraba na hau jirgi daga An Tairbeart zuwa Uig a tsibirin Skye, awa ɗaya da minti arba'in, teku a kwance, na tsaya a waje tun daga farko. Daga can bas ta ɗauke mu ta kan gada har Gilasgo, na yi barci mafi yawan hanya. Duk tafiyar, da mota da jirgi da masauki da abinci, ta ci mini kusan fam 450.

Washegari na koma ɗakin karatu na sake baje taswirar nan da na ga ta cika maƙil. Na buɗe littafina a gefenta, na bi gaɓar da muka taka da yatsa, ina gwada abin da kunnena ya ji da abin da aka buga. Sunaye 31 dattijon ya ba ni a cikin rabin awa. Tara na samu a takardar. Sauran 22 suna cikin littafina da bokon Hausa, shafin ya ɗan jiƙe da ruwan teku a gefe ɗaya.